Ƙaramin yatsana da rabin na kusa da shi sun sage, wai danne jijiya ne? Dan Allah a taimaka

Tauraruwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka sani ko suka taɓa shiga irin wannan halin. Wata da watanni kenan hannuna na dama yake min wani abu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sai su sage in ji su kamar ba nawa ba, wani lokacin kuma kamar ana tsira min allurai ƙanana ƙanana, abin ya fi tashi da daddare, sai in farka cikin bacci in tarar gefen hannun ya mutu sai na miƙe shi na ɗan jima kafin ya dawo. Da rana kuma in na daɗe da waya a kunne nan da nan yake farawa, haka in na zauna gaban kwamfuta a wajen aiki na kafa gwiwar hannuna a kan tebur. Abinda ya fi bani mamaki yatsan zoben ba duka yake mutuwa ba, rabinsa ne kawai, ɓarin da ya kalli ƙaramin yatsa, ɗaya ɓarin lafiyarsa lau.

Wata abokiyar aikina tace danne jijiya ne a wuyan hannu irin wanda masu yawan danna kwamfuta suke samu, har na nemo abin ɗaure wuyan hannun nan ina kwana da shi amma wallahi banga wani canji ba. In ya dame ni ina shan ibuprofen, shima dai gashi nan. To abinda ya ɗaga min hankali kwanan nan in zan murɗa makulli a ƙofa ko in buɗe murfin kwalba sai in ji hannun ba ƙarfi kamar da. Bani da ciwon suga a iya sanina, bani da juna biyu, wuyana kuma baya ciwo ko kaɗan.

Me yake kawo wannan abin? Yana warkewa da kansa ne ko sai an yi aiki? Kuma wane likita ya kamata in je in gani, na ƙashi ko na jijiya? Nagode Allah ya bar zumunci.

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu Allah ya baki lafiya. Ni na yi na wuyan hannun da abokiyar aikinki take faɗa, lokacin ina da cikin 'yan biyu ya kama ni a watannin ƙarshe, hannu biyun duka, likitoci suna ce masa kafal tonel. Amma kinga nawa ba irin naki bane, ni babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya suke mutuwa, sai ɗan rabin yatsan zobe ɓarin da ya kalli na tsakiya, ƙaramin yatsa kuwa ko sau ɗaya bai taɓa min komai ba. Cikin dare zafi ne yake tashina, sai in zauna bakin gado inta yarfe hannun inta yarfewa sannan ya lafa, da safe kuma ko maɓallin riga sai na yi da gaske nake sawa.

Yadda likita ya min bayani wai a wuyan hannu akwai wata 'yar hanya matsattsiya, ƙasusuwa ta ƙasa da gefe, wani tantani mai kauri ya rufe ta sama, jijiyar ta bi ta ciki tare da igiyoyin da suke lanƙwasa yatsu guda 9, to in jiki ya tara ruwa kamar na mai ciki sai wajen ya ƙara matsewa jijiyar ce take shan wahala. Abin ɗaurewar nan ya min amfani sosai tunda yana hana hannun lanƙwashewa in ina bacci, bayan na haihu kuma a hankali a hankali abin ya tafi ba allura ba aiki. Shiyasa nake ganin tunda ke kin ɗaura bakiga canji ba kuma yatsun ma ba su bane, inaga matsalar taki ba a wuyan hannu take ba. Bari masu ilimin abin su zo su faɗa. Amma maganar rashin ƙarfin nan kada ki zauna da ita dan Allah.

Mai Fisiyo:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa. Maman Biyu ta riga ta kama hanya, kuma bayanin da kika yi ya fito da abin fili sosai, musamman maganar rabin yatsan zoben nan, da majinyata zasu riƙa lura da jikinsu haka da aikinmu ya yi sauƙi.

Jijiyoyin da suke ba hannu ji da motsi duk daga wuya suke fitowa, daga lakar da take cikin ƙashin baya, su haɗu su sake rabuwa a wajen kafaɗa da hammata, sannan manya guda 3 su sauka har yatsu, midiyan da alna da radiyal. Ki ɗauke su kamar wayar lantarki, inda aka danne wayar daban inda ƙwan ya mutu daban, shiyasa mutum zai ji abin a yatsa alhali matsalar tana gwiwar hannu ko ma a wuya. Kowace jijiya da yatsunta. Midiyan ita ce ta Maman Biyu, babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe. Alna kuwa ita take riƙe da ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na zobe, wato dai daidai inda kika faɗa ba ragi ba ƙari.

Ita alna inda ta fi makalewa a gwiwar hannu ne, ta ciki, bayan ɗan ƙashin nan da ya fito ta ɓangaren jiki. Wajen da in kika buge shi a jikin ƙofa zaki ji kamar shokin ya ratsa har ƙaramin yatsa, to jijiyar ce da kanta kika buga, saboda a nan fata ce kawai a kanta ba tsokar da ta kare ta. Duk lokacin da kika lanƙwashe gwiwar hannu jijiyar tana miƙewa ta ɗame, hanyar da take bi kuma tana ƙara matsewa, na ɗan lokaci ba komai amma mai kwana da hannu a naɗe ƙarƙashin filo awa da awanni kullum, da mai daɗewa da waya a kunne, da mai kafa gwiwar hannu a tebur ko hannun kujera ko tagar mota, jijiyar bata samun hutu, jinin da yake ciyar da ita yana raguwa, rigar da ta lulluɓe ta ta fara lalacewa. Ana kiransa kiyubital tonel, kuma in aka cire na wuyan hannu shine ya fi yawa a cikin danne jijiyar hannu. Wasu kuma tsohuwar karaya ko gocewar gwiwar hannu ce take jawo musu bayan shekaru, ko amosanin gaɓɓai, wasu jijiyar tasu ce take zamewa tana haye ƙashin in sun lanƙwashe hannu.

Ga abinda zaki duba da kanki ki zo ki faɗa mana. Ki shafa bayan hannunki ta gefen ƙaramin yatsa, ba tafin ba, bayan, ki gwada da na hagu ki ji ko jin ɗaya ne. Dalili, alna tana iya dannewa a wuyan hannu ma, kamar masu daɗewa a kan keke suna danne tafin hannu a jikin kan keken, amma reshen da yake ba bayan hannu ji yana ballewa tun kafin a kai wuyan hannu, saboda haka in bayan hannun ma ya sage to matsalar sama take, a gwiwa. Sannan ki lanƙwashe gwiwar hannun har ƙarshe ki riƙe kamar minti 1 ki ga ko yatsun zasu fara. Sai kuma ki samu takarda ki matse ta tsakanin babban yatsa da gefen manuniya wani ya ja, in kika ga kan babban yatsan yana lanƙwashewa don ya riƙe takardar to tsokar da alna take juyawa ta yi rauni, ita ce kuma tsokar murɗa makulli. Ki ajiye hannayenki biyu a tebur ki kalli naman da yake tsakanin babban yatsa da manuniya ta baya, ko na dama ya faɗa ya yi rami.

Maganar magani kuma, na farko ba ƙwaya bace ba allura bace, a daina danne jijiyar ne. Abin wuyan hannun nan ki ajiye shi. Da daddare ki samu tawul ki ninka ki naɗe gwiwar hannun da shi sako-sako, ki ɗan kama shi da filasta ko wani ƙyalle yadda hannun ba zai lanƙwashe sosai ba in kina bacci, kada ki ɗaure tam har ya hana jini gudu. Darare na farko zai dame ki amma ana sabawa. Waya ki koma iyafis ko ki sa ta a sifika. A wajen aiki kada ki kafa gwiwar a tebur, ki gyara tsayin kujera ki ɗan tura kibod gaba yadda hannun zai ɗan miƙe, in dole sai kin jingina ki sa abu mai laushi. Akwai motsa jijiya da muke koya wa mutane a sashen fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki na asibiti, don ta riƙa zamewa a hanyarta, a hankali ake yi, in ya ƙara tsananta sagewar a dakata, bana so ki kwaikwaya daga bidiyo kita jan hannun da ƙarfi. Wanda nasa bai yi nisa ba da yawa wannan kaɗai yake isarsu cikin 'yan watanni.

Amma ke tunda har ƙarfi ya fara raguwa bana so ki tsaya jiran tawul kaɗai. Mutane zafi suke tsoro, ni kuwa rashin ƙarfi da ramewar tsoka su nake tsoro, don zafi yana tafiya amma tsokar hannu in ta daɗe ba jijiya bata cika dawowa yadda take ba ko an yi aiki. Ki je asibiti a wannan satin.

Baban Yara:

Likita Allah ya saka da alheri, amma ni dai zan ce kada a cire wuya daga lissafi don kawai tace wuyanta baya ciwo. Ni da nawa ya fara ba a wuya na fara jinsa ba, a bayan allon kafaɗa ne wani zugi kamar an kafa min ƙusa, daga nan ya gangaro ta bayan damtse har yatsan tsakiya, anata min tausa a kafaɗa ana shafa man zafi ba abinda ya canza. Bacci ya gagare ni, abin mamaki in na ɗaga hannun na ɗora tafin a tsakar kaina sai in ji sauƙi, haka nake zama a mota haka nake zama a falo, ashe wannan ma alama ce da likitoci suka sani, ɗaga hannun yana sassauta saiwar jijiyar. In na ɗaga kai sama na karkata ɓarin da yake ciwon ko na yi atishawa kuwa sai ya harba har yatsa.

Da aka yi hoton MRI, wanda yake nuna jijiya da nama ba ƙashi kaɗai ba, aka ga faifan da yake tsakanin ƙashin wuya na 6 da na 7 ne ya bulluƙo ya danne saiwar da suke kira C7, likitan yace ita ce ta fi yawan dannewa sai C6 mai zuwa babban yatsa, akwai kuma C8 wadda take zuwa ƙaramin yatsa, kinga ita wannan zata iya kama da naki. Yace a matasa yawanci faifan ne yake bulluƙowa, a manya kuma tsufan ƙashi ne, faifan ya bushe ya sauka ƙashi ya yi tsiro ya matse ƙofar da jijiyar take fita.

Ni na ɗauka sai an yanka ni, amma yace min mafi yawan masu wannan suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da aiki ba, haka kuwa akayi, magani ya bani na ɗan lokaci da fisiyo, na rage sunkuyar da kai a kan waya, na canza filo zuwa wanda bai yi tudu ba, abin tallafe wuya da ake sawa ma yace kada in daɗe ina sawa don yana kashe ƙarfin tsokar wuya. Abu ɗaya da ya ja min kunne a kai shi nake faɗa wa kowa, kada ki yarda wani ya kama kanki ya murɗa wuyan da ƙarfi wai zai mayar da jijiya wajenta, ba a san me yake ciki ba. Allah ya ƙara afuwa.

Nas Ɗin Dare:

Sannu 'yar uwa. Ni ta ɓangaren magani zan shigo don nan ne nake ganin mutane suna cutar kansu. Ibuprofen da diklofenak da ire-irensu suna rage zafi da kumburi amma basa buɗe hanyar da ta matse, sagewa ma ba abinda suke mata, mutum sai yaita sha wata da watanni yana ƙara yawa tunda baiga aiki ba, ƙarshe ya zo mana da gyambon ciki ko aman jini ko ƙoda ta taɓu. Kada a haɗa biyu daga cikinsu lokaci ɗaya, mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai hawan jini da mai juna biyu kuma kada su sha sai da izinin likita. Farasitamol ya fi sauƙi amma shima babba kada ya wuce giram 4 a rana. Magungunan zafin jijiya irin su gabafentin da firegabalin da amitiriftilin likita ne yake rubutawa, suna sa jiri da bacci, firegabalin kuma jiki yana sabawa da shi ba a yanke shi lokaci ɗaya, balle tiramadol, dan Allah a bar shi.

Sai bitamin B da kowa yake cewa maganin jijiya ne. In mutum yana da ƙarancin B12 tabbas yana buƙata, kamar wanda ya daɗe yana shan metfomin na suga, amma B6 in ya yi yawa aka daɗe ana sha shi kansa yana lalata jijiya ya kawo irin sagewar da ake gudu. Kuma kince baki da suga a iya saninki, ki gwada dai, mutane da yawa suna da shi basu sani ba, mai suga kuma jijiyarsa ta fi saurin jin danniya. A duba tayirod ma, wato ƙullun gaban wuya da yake kumbura ya zama maƙoƙo. In hannu biyu ne da ƙafafu duk suke sagewa to wannan ba danniya a waje ɗaya bane, sai a nemi suga ko giya ko wani magani irin isoniyazid na tarin fuka. Sannan in akwai wani tabo a fata da ya yi haske kuma ba a jin taɓi a wajen a nuna wa likita, kuturta tana son jijiyar alna ɗin nan sosai, kuma tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12 in an kama da wuri.

Wannan kuma ba don ke kaɗai ba, don duk mai karantawa. Hannu ya mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki ko maganar mutum ta harɗe ko ƙafar ɓarin ta ƙi ɗauka, wannan shanyewar ɓarin jiki ce ba danne jijiya ba, a tafi asibiti a lokacin, allurar narkar da gudan jinin cikin awa 4 da rabi ake bada ita. Ciwon hannu musamman na hagu da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, zuciya ce, mata da masu suga ma wani lokacin ƙirjin baya musu ciwo sosai. Haka wanda hannayensa biyu suka yi nauyi abu yana suɓuce masa, tafiya yana tangaɗi, ko fitsari ya fara ƙwace masa, lakar ce da kanta aka danne a wuya, ba a jira da ita.

Tauraruwa:

Kai jama'a nagode ƙwarai da gaske, Allah ya saka muku da alheri ya bar ku da iyalanku lafiya. Anti Maman Biyu nagode. Likita na gwada abubuwan da kace, bayan hannun ta gefen ƙaramin yatsa shima jin ya ragu, da na lanƙwashe gwiwar ko minti ɗaya ba a yi ba yatsun suka fara, takardar ma ƙanwata ta ja na ga babban yatsan yana lanƙwashewa a dama amma a hagu baya yi. Naman dai banga ya faɗa ba, sai dai na lura ƙaramin yatsan yana ɗan warewa gefe shi kaɗai har yana maƙalewa in zan sa hannu a aljihu. Baban Yara na juya wuyan ko'ina ba abinda ya harba, daga wuyan hannu zuwa gwiwa ma jin lafiya lau. Yanzu in naje wane gwaji zasu min, hoto ne? Kuma in ya kai ga aiki me ake yi, hannun yana dawowa? Gaskiya ina tsoron tiyata.

Mai Fisiyo:

Maganar Baban Yara gaskiya ce dole likita ya duba wuya, wani ma yana da biyun a tare. Amma C8 yawanci bata raba yatsan zobe biyu haka, kuma sagewarta takan hau gefen hannu ta ciki sama da wuyan hannu, ke kuma kince nan lafiya lau, duk abinda kika lissafo gwiwar hannu yake nunawa. Warewar ƙaramin yatsan nan ma rauni ne na ƙananan tsokokin da suke haɗe yatsu, ki faɗa wa likita ita da maganar makullin da bakinki tun kafin ya tambaya.

Ki fara da duk likitan da kika samu zai tura ki wajen na jijiya ko na ƙashi mai aikin hannu. Hoton ƙashi baya nuna jijiya, ana yinsa ne don a ga ko akwai tsohuwar karaya ko tsiron ƙashi. Gwajin da ya fi amfani shine na gudun saƙo a jijiya, zasu manna miki wasu 'yan faifai a fata su bada ɗan shokin kaɗan a wurare daban daban su auna saurin da saƙon yake tafiya, inda ya yi jinkiri nan ne aka danne. Sau da yawa ana haɗawa da EMG, siririyar allura ce ake sawa a tsoka a ji ko jijiya tana isa gare ta. Ba daɗi amma ana jurewa kuma a ranar zaki tafi gida. Wasu suna ƙarawa da sikanin a ga kumburin jijiyar, MRI na wuya kuma sai in ana zargin wuyan.

Allurar siteroid mai rage kumburi tana taimaka wa na wuyan hannu sosai ko da na ɗan lokaci ne, amma a gwiwar hannu ba a cika dogara da ita ba. In gwaji ya nuna danniyar ta yi ƙarfi, ko an yi kamar wata 3 ana kiyayewa ba sauƙi, ko raunin yana ƙaruwa, sai aiki. Mafi sauƙinsa a tsaga rufin hanyar a saki jijiyar a barta a wajenta, in kuma mai zamewa ce sai a ɗauko ta daga bayan ƙashin a dawo da ita gaba yadda ba zata riƙa ɗamewa ba. Yawanci ba a kwana a asibiti, wani lokacin hannun kawai ake kashewa. Zafi da farkawar dare su suke fara tafiya, ji da ƙarfi suna ɗaukar watanni saboda jijiyar da ta lalace kamar milimita 1 take tsirowa a rana, ki duba nisan gwiwa zuwa yatsa. Tunda naman naki bai faɗa ba kin zo a kan lokaci, kada tsoron tiyata ya sa ki jinkirta gwajin, ba lallai ma a kai ga aikin ba.

Ɗan Autan Gida:

Salam, ku yi haƙuri na shigo muku zance. Yayana ne jiya ya yi bacci a zaune ya rataya hannu a bayan kujera, da ya tashi hannun ya langaɓe daga wuyan hannu, baya iya ɗaga shi sama baya iya miƙe yatsu, amma ba zafi sai ɗan sagewa a bayan hannu wajen babban yatsa. Bakinsa lafiya maganarsa lafiya yana tafiya daidai. Shima danne jijiyar ne Likita?

Mai Fisiyo:

Wa alaikumus salam ƙanina. Yadda ka faɗa ya yi kama da jijiya ta ukun, radiyal, ita tana zagaya ƙashin damtse ta baya tana manne da shi, in mutum ya yi bacci mai nauyi ya danne wajen a jikin kujera, ko wani ya kwana da kai a kan damtsensa, sai ta daina aiki, ya fi samun wanda ya sha maganin bacci ko abin maye tunda baya juyawa, masu dogara sanda a hammata da wanda ya karye a damtse ma suna samu. Mafi yawa yana dawowa da kansa cikin makonni zuwa wata 2 ko 3, kafin nan ana sa masa abin tallafe wuyan hannu ya riƙe shi a ɗage don ya iya kama abu, kuma kullum a riƙa motsa masa yatsun da wuyan hannun da ɗaya hannun don kada gaɓoɓin su sandare. Amma ku kai shi asibiti yau kada ku bari sai gobe, akwai ƙaramar shanyewar ɓarin jiki da take kama hannu kaɗai ba tare da ta taɓa baki ba, musamman in yana da hawan jini ko suga ko shekaru sun ja, likita ne zai bambance da gwajin hannu a wajen.